Shekara Bakwai Ba Girbi

Karatunmu: Ibraniyawa 11:32-40, Yohanna 12:24

  

In muka je sujada ranar Lahadi muka tarar majami'a ta cika, mata zumunta suna buga tulu suna waƙa, yara sun cika makarantar Lahadi, sai mu ga kamar da ma haka abin ya faro. Amma wanda ya tarar da rijiya da ruwa bai san wahalar da mahaƙa suka sha ba. Yau muna so mu waiwaya baya, mu duba yadda aikin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin Mishan ya soma a ƙasarmu, wato Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, uwar ikkilisiyar ECWA. Ko da wace ɗarika muke, labarin namu ne duka, gama yana amsa wata tambaya da take damun masu bi da yawa: in mun yi biyayya, mun yi addu'a, amma abin da ya biyo baya hasara ce kawai, to, Allah ya yashe mu ke nan?

A zamanin da muke magana a kai, in Turawa suka ce Sudan, suna nufin dukan shimfiɗar ƙasar da take kudu da Hamada, tun daga Senegal har iyakar Habasha. Ƙasar Hausa tana tsakiyarta. Wani saurayi a birnin Toronto na ƙasar Kanada, sunansa Walter Gowans, ya ji nawayar mutanen wannan yanki a zuciyarsa. Ya bi ƙungiyoyin Mishan na Amurka da na Ingila yana roƙo su aike shi, kowace ta ƙi. Waɗansu suka ce ba kuɗi, domin a 1893 tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali. Waɗansu suka ce wurin kabarin Bature ne.

Ba su faɗi haka don tsoro kawai ba, akwai dalili. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa su hau kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40 cikin 'yan watanni. A 1890 ƙungiyar CMS ta aiko da waɗansu samari Lakwaja da niyyar su shiga ƙasar Hausa. Shugabanninsu biyu, John Alfred Robinson da Graham Wilmot Brooke, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, a 1891 da 1892. Duk mai hankali da ya duba wannan lissafi zai ce a dakata.

Mahaifiyar Walter, Margaret Gowans, ita ce ta samo wa ɗanta abokin tafiya. Ta gayyaci wani yaro mai wa'azi, Rowland Bingham, zuwa gidanta, ta shimfiɗa masa bukatar Sudan, har abin ya hana shi sakat. An haifi Bingham a Ingila a 1872, ya yi ƙaura zuwa Kanada yana ɗan shekara 16. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, mutumin Amurka, abokin karatun Gowans. A cikinsu ba wanda ya kai shekara 30. Ba ƙungiyar da ta tsaya musu, kuɗin da yake hannunsu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Suka sauka Legas ranar 4 ga Disamba, 1893. Shugaban Mishan na Metodis da suka tarar a can ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa ba za su ga Sudan da idonsu ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai watakila jikokinsu. Kamar don a tabbatar musu da maganar, a watan Janairu na 1894 Bishop Hill na CMS da matarsa suka mutu a nan Legas, makonni kaɗan bayan isowarsu. Bingham kansa zazzaɓi ya kayar da shi. Aka shirya ya zauna a bakin teku yana karɓar wasiƙu yana aika musu da guzuri, Gowans da Kent kuwa suka kama hanyar arewa.

Lokacin ƙasar ba ta kwance. Yaƙe-yaƙe da farautar bayi sun hana hanya lafiya. Gowans ya faɗa hannun mayaƙan Sarkin Kwantagora, ya rasa kayansa, daga baya aka sake shi. Ciwo ya riga ya cinye jikinsa. Ya mutu a Girku, wani ƙauye a ƙasar Zazzau, a watan Nuwamba na 1894, ba ɗan'uwa ko ɗaya kusa da shi. Kent, wanda ya koma Legas ɗaukar kaya, yana kan hanyar komowa wurinsa zazzaɓi ya kama shi, ya mutu a Bida a watan Disamba. Shekara ɗaya ke nan da saukarsu. Ba su kafa tasha ba, ba su yi wa kowa baftisma ba, ba su juya ko sura ɗaya ta Littafi Mai Tsarki ba.

A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, yana da shekara 22, yana ɗauke da 'yan kayan Walter zai kai wa uwarsa. Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan tafiya. Me zai gaya wa matar da ta ba da ɗanta? Bingham ya ba da labari cewa da ta tarye shi, ta riƙe hannunsa suka yi shiru, sa'an nan ta gaya masa cewa gara mata ɗanta ya mutu shi kaɗai a Sudan yana cikin nufin Ubangiji, da a ce yana zaune a gida tare da ita cikin rashin biyayya. Uwa ce, ta ji zafin da kowace uwa take ji. Ta dai auna ran ɗanta da wani ma'auni dabam, ta kuwa ci gaba da addu'a domin Sudan.

Bingham bai sami wannan kwanciyar rai nan da nan ba. Shi da kansa ya shaida cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Ya fito daga cikin masu koyar da cewa duk wanda ya ba da gaskiya da gaske, Allah zai warkar da jikinsa. To, ga Gowans da Kent, wa ya fi su bangaskiya? Don me waɗanda suka fi kowa ɗokin kai bishara su ne suka fara faɗuwa? Tambayar ta bi shi wata da watanni. Abin da ya cece shi shi ne, bai jefar da Littafi Mai Tsarki ba. Ya koma cikinsa yana bincike, ya ga ko alkawarin Allah ne ya kāsa, ko kuwa shi ne ya ɗora wa Allah maganar da bai yi ba.

Abin da ya tarar yana nan a rubuce, mu ma muna iya gani. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da take jikinsa, Ubangiji bai cire ba, ya ba shi alherin da zai ishe shi ɗaukarta (2 Korintiyawa 12). Bulus ɗin nan da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya bar abokin aikinsa Tarofimas ba lafiya a Militas (2 Timoti 4:20), ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a cikin surar kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ikkilisiya ɗaya ce, Allah ɗaya ne, dukansu biyu manzanni ne. Bayan shekaru Bingham ya rubuta littafi a kan wannan batu, inda ya nuna cewa Allah yana warkarwa, amma bai yi alkawarin zai warkar da kowane mai bi daga kowace cuta a wannan duniya ba, shan magani kuwa ba rashin bangaskiya ba ne.

Bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya koyi 'yan abubuwa na aikin jinya a wani asibiti, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya yi aikin fasto a wata ikkilisiyar Baptis a Amurka. A 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma ya tara waɗansu dattawa a Toronto suka kafa majalisar da za ta riƙe aikin. Ya bar aikin fasto da albashinsa ya koma bautar ƙungiyar da asusunta ba kome.

A 1900 ya sāke tasowa tare da samari biyu. Makonni kaɗan da saukarsu Legas zazzaɓi ya sāke kama shi, aka ɗauke shi ranga-ranga aka sa a jirgi. Samarin biyu suka ji irin labaran da ake bayarwa game da arewa, zuciyarsu ta karai, suka bi jirgi na gaba suka koma gida. Bingham ya ce wannan ne lokaci mafi duhu a dukan ransa. Shekara bakwai ke nan tun 1893. In aka buga lissafi, abin da yake ƙasa kabari biyu ne da tafiya biyu da suka watse. Masu cewa da ma mun faɗa sun sami abin faɗa.

'Yan'uwa, a nan ne labarin ya fi shafarmu. Faɗuwa ta fari mutum yakan jure, ya ce gwaji ne. Ta biyu ita ce mai karya ƙashin baya, domin a lokacin ne Shaiɗan yakan raɗa mana cewa tun farko ma Allah bai kira mu ba. Bingham ba shi da wata alama daga sama, ba wahayi, ba mafarki. Umarnin Ubangiji na a kai bishara ga dukan al'ummai yana nan yadda yake, mutanen Sudan kuma suna nan inda suke. Da ya ga waɗannan biyu ba su sāke ba, sai ya shirya tafiya ta uku.

A 1901 mutum huɗu suka taso, wannan karo Bingham ya zauna a gida yana neman masu goyon baya. A 1902 suka kafa tasha ta fari a Patigi, ƙasar Nufe, a bakin Kwara. Kada mu ɗauka wahala ta ƙare daga nan. Cikin shekara biyu mutuwa da ciwo suka rage su, saura mutum ɗaya, A. W. Banfield, wanda daga baya ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. Amma a 1902 ɗin wani mai sayar da magani daga Toronto, Andrew Stirrett, ya bar shagunansa ya zo. Shi ne Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. Ya yi aiki a ƙasar nan fiye da shekara 40, har ya rasu a Jos a 1948.

Ya kamata mu lura da hanyar da Allah ya bi ya rage mace-macen. Tun 1854 Dokta William Baikie ya hau Kwara da Binuwai tare da Samuel Ajayi Crowther, ya sa mutanensa shan kwinin kowace rana, ba wanda zazzaɓi ya kashe a tafiyar. A 1897 kuma wani likita, Ronald Ross, ya gano a Indiya cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Da ma'aikatan Mishan suka riƙe shan kwinin da kwana cikin gidan sauro, sai suka fara daɗewa a bakin aiki. Amsar addu'ar Uwargida Gowans ta zo har ta hannun likitoci. Wanda ya dogara ga Allah ba ya raina kwalbar magani, gama hikimar da ta haɗa shi ma daga wurin Allah take.

Akwai kuma wani abin mamaki. Burin su Gowans shi ne manyan biranen ƙasar Hausa, musamman Kano. Amma da Turawan mulki suka ci ƙasar, daga kafa tutarsu a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, zuwa cin Kano da Sakkwato a 1903, sai gwamnatinsu ta taƙaita shigar Mishan cikin masarautun Musulmi. Ƙofar da aka yi shekaru ana ƙwanƙwasawa ta zauna a rufe. Dole ma'aikatan suka juya wajen waɗansu kabilu. Aka buɗe Wushishi a 1904, Thomas Titcombe ya sauka Egbe a ƙasar Yagba a 1908, aka shiga Kwoi a ƙasar Jaba a 1910, aka kai Kaltungo a ƙasar Tangale a 1917. A 1924 aikin ya haye zuwa Damagaram a ƙasar Nijar. A idon mutum wannan kauce hanya ne. A nan ne kuwa girbin ya fito.

Harshen Hausa da Gowans ya yi marmarin yin wa'azi da shi bai tafi a banza ba. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na CMS ya ja gaba, Stirrett yana cikin masu taimako. Shekara 38 ke nan bayan an rufe kabarin Girku. Hausa ta zama harshen da Bajju da Gbagyi da Tangale da Jaba da sauran kabilu masu yawa suke haɗuwa a cikinsa su yi sujada, har wa yau. Mafi yawan aikin kuwa 'yan ƙasa ne suka yi shi, masu bishara da suka bi ƙauyuka a ƙafa da kan keke, suna noma da hannunsu suna ciyar da kansu, waɗanda sunayen da yawa daga cikinsu ba su shiga kowane littafi ba. A 1954 ikkilisiyoyin suka haɗu suka zama ECWA. Daga Kwoi aka sami Byang Kato, wanda ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta dukan Afirka a 1973. Bingham ya rasu a watan Disamba na 1942, ya bar ɗaruruwan ma'aikata a fili. Shi ya ga somin girbin. Gowans da Kent ba su ga ko tsiro ba.

Hausawa suna cewa bayan wuya sai daɗi, suna kuma cewa kome nisan dare gari zai waye. Gaskiya ne. Amma labarin nan yana ƙara mana wani abu da karin maganar ba ta faɗa ba: wani lokaci wanda ya sha wuyar dabam, wanda ya sha daɗin dabam. Gari ya waye, amma Walter Gowans bai ga wayewar a duniyan nan ba. Abin da marubucin Ibraniyawa yake nuna mana ke nan a sura 11. Ya lissafta waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakoki suka tsere wa takobi, bai ko sāke numfashi ba ya lissafta waɗanda aka jajjefe, aka kashe da takobi, suka yi yawo cikin jeji da kogwanni. Dukansu Allah ya shaide su saboda bangaskiyarsu. Ubangijinmu kuma ya riga ya gaya mana cewa ƙwayar alkama sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya. Manomi ya san iri da aka binne ba ɓata ya yi ba, ko da yake in ka je gonar washegari ba abin da za ka gani sai ƙasa.

Saboda haka kada mu auna amincin Allah da abin da idonmu ya gani cikin shekara ɗaya, ko bakwai. Da an tambayi mutanen Toronto a 1900, da sun ce aikin Sudan ya mutu. Hukuncinsu zai yi daidai da abin da suke gani, amma Allah bai gama ba tukuna. Kada kuma mu ɗora wa ɗan'uwan da yake cikin wahala laifin rashin bangaskiya. A kwanakin nan akwai masu wa'azin cewa in kana da bangaskiya ba za ka yi ciwo ba, ba za ka yi talauci ba. Irin wannan koyarwa ce ta kusa kayar da Bingham. Takan yi daɗin ji ranar da kome yake tafiya daidai, amma ranar jana'iza ba ta da abin da za ta gaya wa gwauruwa, sai dai ta ƙara mata nauyi a kan nauyi.

Mun san halin da da yawa daga cikinmu suke ciki. Akwai manomin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa, akwai iyalin da suka sayar da abin da suka mallaka don su fanshi ɗansu daga hannun masu garkuwa da mutane. Wani mai bishara ya yi shekara goma a ƙauye, masu zuwa sujada ba su cika benci uku ba, ɗan abin da ake ba shi kuma ba ya zuwa a kan kari. Wata uwa ta yi azumi da addu'a, duk da haka ta binne ɗanta. Ba za mu yi muku alkawarin da Allah bai yi ba, mu ce gobe kome zai daidaita. Abin da muke da tabbacinsa shi ne, Ubangiji ya yi alkawari yana tare da mu kullum har matuƙar zamani, ya kuma ce wahalarmu cikinsa ba banza take ba (1 Korintiyawa 15:58). Annabi Habakuk ya duba gona ba amfani, garke ba dabba, ya ƙudura zai yi murna da Allah Mai Cetonsa duk da haka. Uwargida Gowans ta tsaya a wuri ɗaya da shi.

To, me za mu yi kafin gari ya waye? Mu yi abin da Bingham ya yi. Mu kai tambayoyinmu gaban Allah, mu buɗe Maganarsa mu bincika, kada mu gudu daga gare ta. Mu yi aikin da yake gabanmu yau, ko da ƙarami ne: a je asibiti, a sa yara makaranta, a shuka inda ake iya shukawa, a je sujada ko da mutum biyar ne. Mu riƙe hannun juna kamar yadda tsohuwar nan ta riƙe hannun saurayin da ya kawo mata kayan ɗanta. In Allah ya rufe ƙofar da muke so, mu duba ko ya buɗe wata a gefe. Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa yau, muna cin amfanin gonar da waɗansu suka share da ransu. Watakila abin da muke shukawa da hawaye yanzu, jikokinmu ne za su girbe shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin bayinka da suka yi maka biyayya ba su ga amfanin wahalarsu ba. Ka dubi 'ya'yanka da suke cikin duhu yau, da masu makoki, da waɗanda aka kora daga gidajensu, da masu bishara da suka gaji. Ka riƙe bangaskiyarmu sa'ad da ba mu gane hanyarka ba. Ka ba mu ƙarfin yin aikin yau, mu bar lokacin girbi a hannunka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.